Hattara da Masu Sayar da "Sirrin Damtse" a Intanet

Jama'a, musamman matasan da suka fara ɗaga ƙarfe, ku yi hattara. Akwai wasu 'yan damfara da suka cika Instagram da TikTok da tallar wata ɗamara mai batir da ake ɗaurawa a bayan damtse, haɗe da man shafawa, wai cikin mako 2 hannunka zai cika riga ba tare da ka ɗaga komai ba. Kana yi musu magana sai su ja ka WhatsApp, su ce kaya sun kusa ƙarewa, ka tura kuɗi yanzu. Wasu sun tura an toshe lambarsu. Waɗanda kayan suka iso musu kuwa, abin da suka samu ɗan zirr ne a fata da ƙaiƙayi.

Wannan zamba ba sabuwa ba ce. Tun a 2002 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta maka masu sayar da irin wannan ɗamara ta ciki a kotu saboda alkawarin ƙarya. Yanzu daga ciki aka mayar da ita hannu. Ku ƙura wa hotunan "kafin" da "bayan" ido: a na farko mutum ya saki hannu a cikin haske mai dushi-dushi, a na biyu ya gama motsa jini, jini ya cika tsoka, ya shafa mai, ya matse damtse a jikin haƙarƙari. Rana ɗaya ma ana iya ɗaukar su duka.

Tsokar bayan damtse kai uku gare ta, kuma ta fi ta gaba girma. Aikinta miƙe gwiwar hannu, don haka ba abin da ke gina ta sai miƙe hannun da nauyi, ana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Mafi tsawon kawunan daga allon kafaɗa ya taso, shi ya sa yake miƙewa sosai idan hannu yana sama. Ka riƙe dambel, wato ƙaramin ƙarfen ɗagawa, da hannu biyu a bayan ƙeya, gwiwar hannu na kallon sama, ka miƙe a hankali ka sauke a hankali. Wani bincike da aka yi a Japan, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa bayan mako 12 hannun da aka horar a sama ya fi wanda aka horar a ƙasa ƙaruwa. Ka haɗa da tura ƙarfe a kan benci da hannuwa kusa da juna, ko sauke jiki da ɗaga shi tsakanin sanduna biyu. Babu sirri a nan, kuma ba a mako 2 ake gani ba, watanni ake yi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne mataki na gaba. In ka koka cewa ɗamarar ba ta yi aiki ba, sai su tallata maka allurar mai irin Synthol. Wannan ba tsoka take ƙarawa ba, kumbura wurin take yi, kuma tana jawo ƙurji, taurin nama, lalacewar jijiya, wani lokaci har sai an yi tiyata. Duk wanda aka riga aka yi masa ita, ya ga wurin ya yi zafi ko ja, ya tafi asibiti. Shafin 'yan damfarar kuma ku kai ƙararsa a manhajar, tare da hoton hirar da shaidar biyan kuɗin.