Kallin zaren roba a kasuwar Lagdo: arha a hannu, tsada a ruwa

Kalli, wato ragar kama kifi, wanda ya fi kasuwa yanzu a rumfunan kayan masunta na Lagdo, a arewacin Kamaru, shi ne na zaren roba, siriri mai sili ɗaya, wanda kifi ba ya ganinsa cikin ruwa. Masu sayarwa suna yabonsa da arha da yawan kamu, kuma a kan waɗannan biyun gaskiya suke faɗa. Ba ya shan ruwa, saboda haka ba ya nauyi idan ana ja, mutum ɗaya ma yana iya sarrafa shi daga cikin kwalekwale. Karfasa da tarwaɗa suna faɗa masa fiye da yadda suke faɗa wa kallin zaren murɗe.

Matsalarsa tana fitowa ne bayan an fara aiki da shi. Tafkin Lagdo ya samu ne da aka datse Binuwai, aikin da 'yan Sin suka kammala a 1982, kuma ruwan ya mamaye daji mai itatuwa waɗanda kututturansu suke ƙasa har yau. Wannan kalli da zarar ya sarƙe a kututture sai ya yage, ga shi ɗinkinsa yana da wuya domin ƙullin zamewa yake yi. Masunci kan yanke abin da ya sarƙe ya bar shi a ruwa. Roba kuwa ba ta ruɓewa da wuri, don haka guntun zai ci gaba da kama kifi yana kashewa, ba mai ci, ba mai sayarwa. Wanda ya lissafa sau nawa yake komawa rumfa zai gane cewa arhar ba ta kai yadda ake zato ba.

Abin da ya fi damuna shi ne girman ido, wato faɗin ramukan kallin, da ake aunawa da yatsu. A rumfa guda ana jera mai yatsa huɗu da mai yatsa ɗaya, kuma ba a tambayar mai saye me zai kama. Ƙaramin ido yana kwashe 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tun ba su kai yin ƙwai ba. Hukumar kula da kiwo da kamun kifi tana rufe tafkin daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba domin kifi ya hayayyafa, amma idan aka buɗe ruwa a Oktoba aka shiga da irin wannan kalli, amfanin hutun wata ukun ya tafi a banza. Dattawan masunta, Hausawa da Musgum da Kotoko, duk suna kukan cewa giwan ruwa irin na da ya yi wuyar gani.

Wanda zai saya ya nemi mai ido yatsa uku zuwa sama, ya duba ƙarfin ƙulli da igiyar sama kafin ya biya. Idan aljihunsa zai ɗauka, na zaren murɗe ya fi, domin yana ɗinkuwa kuma yana shekaru a hannu.