Gwajin wutar kayan wasana a Sabon Gari: aiki ya yi kyau, yaron shago ya ɓata lamarin

Masu wasan rufa-ido a dandamali ba mu da yawa a Zariya, kuma kowannenmu da kayan wuta yake yawo: amfilifaya, lasifika, fitilu masu juyawa, injin hayaƙi. Wata makarantar kuɗi a Samaru ce ta ce ba zan yi wasa ranar yaye ɗalibanta ba sai da takardar shaidar an gwada kayana. Sai na loda su a keke-napep na kai wa wani mai aikin wuta a Sabon Gari. Kuɗinsa dai kun san yadda yake.

Na ɗauka kallo ɗaya zai yi musu ya buga hatimi. Ina! Fulogi ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kwancewa. A na injin hayaƙi babu fis sam, wanda ya sayar min ya naɗa siririyar waya a gurbinsa. Ya saka mai amfa 13, ya ce injin nan hita ce a cikinsa, jan wuta yake kamar dutsen guga. Ƙananan fitilu kuwa mai amfa 3 ya sa musu.

Da ya zo kan amfilifaya na gaya masa makirfo kan ɗan tsikare ni a leɓe. Ya ɗora bakin mita ɗaya a ƙarfen jikinta, ɗaya a doguwar ƙafar fulogi. Shiru. Ashe wayar ƙasa, mai kore da ruwan ɗorawa, a tsinke take a ciki. Ya ce, "Malam, ranar da waya mai wuta ta taɓa ƙarfen nan, bolt 230 ba ta da hanyar wucewa sai jikinka." Ya gyara, sannan ya harba bolt 500 ta na'urarsa don ya ga ko robar wayoyin tana yoyon wuta. Ya kuma sa na sayi makunnin kariya mai yanke wuta a miliamfa 30, ya ce doguwar wayar da nake nannaɗewa a gammo in riƙa warware ta duka, in ba haka ba zafi take ɗauka. Zuwa nan wallahi har addu'a nake masa.

Sai aka zo kan dakalin katakon da nake ɗora akwatin wasana a kai. Tunda asiri ya riga ya tonu, bari in faɗa. Akwai akwatin da ƙaramin yaro yake ɗagawa da hannu ɗaya, ƙato kuma ya kasa motsa shi. Ƙarfe ne a gindin akwatin, maganaɗisun lantarki a cikin dakalin. Tsohuwar dabara ce, Robert-Houdin na Faransa ya yi ta a Aljeriya tun 1856, amma a nan ita ce abincina. Ya ce duk abin da ake jonawa a wuta sai ya buɗe. Na ce to, Injiniya, amma daga ni sai kai. Ya ce ba komai.

Muna duƙe muna duba naɗin wayar, ashe yaron shagonsa yana bayanmu da wayar salula a hannu. Kafin in isa gida Tudun Wada bidiyon yana yawo a WhatsApp. Yanzu in na fito, yaran layinmu ihu suke, "Mai maganaɗisu!" Na koma shagon raina a ɓace. Ya daka wa yaron tsawa, ya sa shi ya goge, sai ya juyo yana murmushi wai ai yara ne, in yi haƙuri. Gogewar me, bayan abu ya gama gari? Ko kwabo bai rage min ba.

Kuma da na tuna, takardun "an gwada" da yake mannawa, a fuskar dakalin ya lafta ɗaya, daidai inda 'yan kallo za su gani su tambayi me katako yake yi da gwajin wuta. Garin ɓamɓarewa fentin ya biyo.

Makarantar ta karɓi takardarsa ba gardama, makirfo ya daina tsikarata. Fitilu da amfilifaya zan iya sake kai masa. Dakalin kuwa yana ɗaki a jingine, kuma wasan akwatin ne makarantar ta fi nema.