Mai tayil ya ƙi taɓa kicin ɗina a Ingila

Yaya, tunda ka ce ginin unguwar Arkilla a Sakkwato ya kai kan daɓen kicin, tsaya ka ji abin da wani mai tayil ya yi min a nan.

Siminti ne a ƙasa kamar namu, sabon zubi. Na sayi kaya, na kira shi. Mutumin nan ya durƙusa, ya manna wani ɗan akwati a kan simintin, ya liƙe gefensa ruf, ya ce sai bayan awa 72. Wai danshi yake aunawa, in ya haura kashi 75 cikin 100 ba zai ɗora komai ba. Ya kuwa haura. Na roƙe shi, ko gezau. Ya ce lissafinsu siminti milimita ɗaya yake bushewa a rana, in ƙirga da kaina. Ya karɓi kuɗin zuwa, kuɗin kallo kawai fa, ya bar mu muna girki a falo, uwargida tana ta harara.

Amma da ya dawo, wallahi na sara masa. Ya zuba ruwan siminti mai baje kansa, ya shafe bayan kowane tayil da gam, ya bar 'yar rata a jikin bango saboda daɓe yana motsi in zafi ya sauya. A Ingila ke nan, ina ga Sakkwato da zafi ke wuce digiri 40?

Mu kuwa a zuba kankare yau, jibi a ce mai tayil ya shigo. Ya ɗiga siminti guri biyar ya danna. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ƙwarya, ranar da aka sauke turmi a kai ya tsage. Kuma idonmu na kan mai sheƙi, wanda in manja ya ɗiga sai Inna ta tsinci kanta a asibiti.

Nan har bututun ruwan zafi suke binnewa ƙarƙashin daɓe saboda sanyin ƙafa. Ni kuwa sanyin tarazon gidan Baba nake kewa, da rana tsaka a watan Afrilu.

Daɓen roba da suke yayi a nan kada ka kula shi, garwashi ɗaya daga kurfoti ya huda shi. Nemi tayil na fosilin mai kaushi, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ka bar simintin ya bushe tukuna, kuma ranar aiki ka tsaya a kan mai tayil da kanka, kada ka aiki yaro.