Darasin yaren Fotugal da nake biya, da rigimar kalmar bruxa

Wata uku kenan ina ɗaukar darasin yaren Fotugal ta intanet, malamar 'yar Burazil ce, awa ɗaya ta bidiyo sau biyu a sati. Masu tambayata wai kuɗin ya ci kansa kuwa, ga labarin aji ɗaya.

Na ga kalmar bruxa, ana furta ta burusha don x ɗinsu a nan sh ne, ƙamus ɗin wayata ya ce mayya shikenan, sai kuma na ga 'yan ƙwallo suna ce wa Ronaldinho bruxo, na ce kai wannan wane irin zagi ne? Malama ta yi ta dariya ta ce ai kirari ne, wanda gwanintarsa ta wuce misali har ka ce ko da asiri yake yi shi ne bruxo, amma kar in kuskura in ce wa mace bruxa, wannan zagi ne, muguwar tsohuwa mummuna kake nufi. Namiji yabo mace zagi, ita ma abin na ba ta haushi.

Daga nan fa ta ɓalle. Feiticeira ta fi kusa da matsafiya ko mai sihiri, daga feitiço, wato asiri ko sammu, kuma wannan kalmar ce Faransawa suka ara ta koma fétiche. Benzedeira kuwa daban, tsohuwa ce mai addu'a da tofi wa yara in ana zargin kambun baka, mutunta ta ake yi. Ta ja min kunne sosai kan macumbeira, ta ce da ita ake muzanta mabiya Candomblé da Umbanda, addinan Burazil masu tushe a Afirka, in bar ta kawai.

Abin da ya fi burge ni, in tsautsayi ya yi ta faɗawa mutane a jere sai su ce a bruxa está solta, wai mayya ta kwance. A Fotugal in komai ya ƙi maka sai a tsokane ka da ka je wurin bruxa, kamar dai a ce je ka ga boka, har a garin Montalegre can arewa biki guda suke yi duk Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata. 31 ga Oktoba kuma Dia das Bruxas ce, wato ranar mayu.

Matsalarta sauri, wallahi in ta ɗau zafi kamar rediyo, ga shi ba ta turo rubutu bayan aji sai ka yi ta roƙo, nahawu ma tana ɗan tsallake shi, wanda jarrabawa ce a gabansa ya nemi wani malamin. Ni dai huɗu cikin biyar na ba ta kuma na sake biyan wata guda, ta ce sati mai zuwa Cuca za mu yi, dodanniyar da ake tsorata yara da ita in sun ƙi barci.