Katin Darussan Almasihu Sarki da Na Saya a Sabon Garin Zariya

Tun da idanun mahaifiyata suka raunana, karatun Littafi Mai Tsarki ya gagare ta, ko da kuwa mai manyan baƙaƙe ne, saboda haka na sayo mata 'yar ƙaramar rediyon nan mai cin katin memori. Ana saura 'yan makonni Kirsimeti na shiga wani shagon littattafan Kirista a Sabon Gari domin in nemo mata abin sauraro. Yarinyar da ke tsaron shagon ta ce mini, "Baba, idan don tsohuwa ne, ga wani da aka kawo mana kwanan nan, darasi takwas ne a kan Almasihu a matsayinsa na Sarki, kuma da Hausa zalla aka yi shi." Ba ta karɓi kuɗina ba sai da ta saka katin a rediyon shagon na ji muryar mai koyarwar da kunnena, abin da ba kowane mai shago yake yi ba. Kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa biyu ba.

Mai koyarwar dattijo ne, muryarsa a natse take, ba ya ihu, ba ya kuma cusa Turanci a tsakiyar zance. Kowane darasi yana ɗaukar kimanin minti 40. Ya fara ne da ma'anar sunan kansa, inda ya bayyana cewa Almasihu daga Ibrananci yake, ma'anarsa shafaffe, wato wanda aka zuba wa mai a ka, kuma Kristi ita ce kalmar Helenanci mai wannan ma'ana. Ya ce yadda a ƙasar Hausa ba a zama sarki sai an naɗa rawani, haka a Isra'ila ba a zama sarki sai an shafe mutum da mai, kamar yadda annabi Sama'ila ya ɗauki ƙahon mai ya shafe Dawuda a gaban 'yan'uwansa a Baitalami. Da wannan kwatanci ɗaya mahaifiyata ta gane abin da ta shekara da shekaru tana furtawa a cikin addu'a.

Darasi na biyu da na uku su ne ƙashin bayan aikin, kuma don su kaɗai ma katin ya ci kuɗinsa. Malamin ya tsaya a kan littafin Sama'ila na biyu sura 7, inda Dawuda ya yi niyyar gina wa Allah ɗaki, sai annabi Natan ya dawo masa da amsar cewa Allah ne zai gina masa gida, zuriyarsa za ta gaje shi, gadon sarautarsa kuma zai kahu har abada. Domin ya fayyace mene ne gida a nan, sai ya kawo misalin Zazzau, inda kowa ya san gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma ba wanda zai ji an ce gidan Mallawa ya ɗauka ana maganar gini ne. Daga nan ya kawo tambayar da ta dami Yahudawa kansu. Babilawa sun rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, aka kama Zadakiya, sarki na ƙarshe daga zuriyar Dawuda da ya zauna a gadon, aka tafi da shi Babila a makance. To ina alkawarin ya kwana? Ya nuna yadda maganganun annabawa suka zama abin riƙo a tsawon ƙarnukan da gadon ya zauna babu kowa a kai: Ishaya sura 9 da ɗan da mulki zai kasance a kafaɗarsa, sura 11 da tohon da zai fito daga kututturen Yesse mahaifin Dawuda, Irmiya sura 23 da reshe mai adalci, Mika sura 5 da mai mulkin da zai fito daga Baitalami, sai kuma Daniyel sura 7 da mai kama da ɗan mutum wanda aka ba shi mulkin da ba ya shuɗewa. Bai yi gaggawa ba, kuma da ya iso kan saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu a Luka sura 1, cewa za a ba ɗanta gadon kakansa Dawuda, mai sauraro ya riga ya san nauyin maganar.

Wurin da ya fi taɓa ni yana cikin darasi na huɗu. Ya ce duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya san yadda sarki yake fitowa: doki mai ado, laima a kansa, dogarai a gefe, kakaki da algaita suna tashi. Sai ya karanta Zakariya sura 9, inda aka ce sarkin Sihiyona, wato Urushalima, yana zuwa da tawali'u a kan jaki, ya kuma bi Yesu zuwa cikin Urushalima a kan dabbar da talaka ke ɗora wa itace. Bai yi wannan don ya ƙasƙantar da sarakunanmu ba, ya ambace su da ladabi, nufinsa shi ne mai sauraro ya ga irin mamakin da mutanen wancan zamani suka yi, su da suke jiran wanda zai kore musu Romawa da takobi. Ya tuna mana cewa bayan ciyar da mutum 5,000 jama'a sun so su naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji, ya janye zuwa kan dutse shi kaɗai, cewa ya shaida wa Bilatus, gwamnan Romawa, mulkinsa ba na duniyan nan ba ne, kuma cewa laifin da aka rubuta a saman gicciyensa, da Ibrananci da Latinanci da Helenanci, shi ne Sarkin Yahudawa. Muna zaune a tsakar gida ana sauraron wannan, mahaifiyata tana ɓarar gyaɗa a faifai, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ce, "Mai da shi baya kaɗan, ɗan nan." Na ce, "To, Inna," na mayar, ta sake saurara har ƙarshe ba ta taɓa gyaɗar ba.

Na kuma yaba da yadda ya yi maganar maƙwabta. Ya faɗi a fili cewa Yahudawa masu bin addininsu ba su yarda Yesu ne ya cika waɗannan annabce-annabce ba, kuma 'yan'uwanmu Musulmi suna kiran Annabi Isa da laƙabin Almasihu kamar yadda ya zo a Alƙur'ani, ko da yake fahimtarsu ta bambanta da ta Kirista. Ya faɗi bambancin ba tare da zagi ko habaici ba. A gari irin namu, inda gida ɗaya kan ƙunshi Musulmi da Kirista, musamman a Wusasa tun bayan da mishan ta koma can daga cikin birni a 1929, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana iya kunna katin a tsakar gida ba tare da an ji kunyar wanda ya shigo ba.

Akwai inda aikin ya gaza, kuma wajibi ne in faɗa. Darasi na bakwai, wanda ya shafi dawowar Almasihu da shekara 1,000 da aka ambata a Wahayin Yahaya sura 20, an gabatar da shi kamar dukan Kirista bakinsu ɗaya ne a kai. Malamin ya koyar da cewa Almasihu zai dawo ya yi mulki a zahiri a duniya na tsawon waɗannan shekaru, kuma ikilisiyoyi da yawa haka suka gaskata. Amma Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya fassara shekarun a matsayin zamanin ikilisiya da muke ciki, kuma Katolika da ɗimbin 'yan Angilikan a kan wannan hanya suke. Mutumin da ya yi wa Yahudawa da Musulmi adalci ya kamata ya yi wa 'yan'uwansa masu wata fahimta haka. Bai kuma ambaci idin Kristi Sarki ba, wanda Paparoma Pius na 11 ya kafa a 1925, alhali masu sauraro da dama suna kiyaye shi kowace shekara a Lahadin ƙarshe kafin lokacin shirin Kirsimeti.

Ta fuskar sauti, darasi na biyar, wanda ya bi Zabura 2 da 72 da 110, an ɗauke shi janareta yana aiki a kusa, har ƙararsa takan danne muryar, kuma abin takaici ne domin aya ta farko ta Zabura 110 tana cikin ayoyin da Sabon Alkawari ya fi yawan ɗaukowa. Malamin kuma yana ambaton sura da aya da sauri, mai son buɗe littafinsa ya bi shi sai ya riƙa tsayar da rediyo. Sannan ba a sa wa darussan lamba ba, rediyon Inna ta fara da na shida ta tsallaka na biyu.

Da na koma shagon da wannan ƙorafi na ƙarshe, yarinyar ta saka katin a kwamfuta ta jera su daga 1 zuwa 8, ba ta karɓi ko sisi ba, ta kuma rubuta maganar darasi na biyar a takarda ta ce za ta miƙa wa waɗanda suka kawo katin. Wanda zai saya ya nemi a jera masa tun a can kafin ya fito. Na ƙara sayen guda biyu, ɗaya na ba shugabar zumuntar mata ta majami'armu, ɗayan kuma na aika wa kawuna a Giwa, wanda shi ma idanunsa sun fara gajiya.