Sayen taya a Zariya: ta waya, a shago, ko a siton dila?

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar ƙaramar mota da ke yawo a titunan Zariya daga waje aka shigo da ita. Ko a Jumia ka gan ta, ko a shagon Sabon Gari, ko a siton wani dila a Kano, jirgin ruwa ne ya kawo ta. Abin da ya raba su uku ne: shekarun da ta yi a ajiye, irin ajiyar da aka yi mata, da kuma wanda za ka riƙe wa riga idan ta kumbura bayan sati biyu.

Kafin maganar wurin saye, sai ka san abin da za ka saya. Duba gefen tayar da ke jikin motarka, za ka ga rubutu irin 195/65 R15 91H. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, 65 tsayin gefenta ne a lissafin kashi cikin ɗari na faɗin, 15 kuma girman wili ne a inci. Yawancin masu saye a nan suke tsayawa, alhali 91H ɗin nan ita ce mai magana. Lamba 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba. Akwai taya mai wannan girman daidai, amma an rubuta mata 95 da XL, alamar an ƙarfafa ta don ƙarin nauyi, tana ɗaukar kilo 690. A ƙafa huɗu bambancin kilo 300 ke nan. Mai Corolla da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da PZ, 91 ta ishe shi. Direban Sharon da ke lodi a Kwangila, fasinja cike, buhuna a but, idan ya sa 91 ya ɗora wa taya abin da ba nata ba. Bas irin Hiace kuwa tayarta sai mai harafin C a ƙarshe, kamar 195 R15C.

Kasuwar intanet tana da amfaninta, kada a rage mata. A zaune za ka jera farashin Michelin da Bridgestone da Maxxis da Westlake da Triangle, ka san inda kasuwa ta tsaya kafin ka buɗe baki a gaban mai shago. Sannan idan motarka mai wili 18 ko 19 ce, ko tayarta siririyar gefe ce irin ta motocin Jamus na baya-bayan nan, za ka iya zaga Zariya kaf ba ka samu huɗu iri ɗaya ba, alhali 'yan kasuwar Legas suna da ita a ajiye. A nan waya ta yi rana.

Sai dai sayen taya da hoto cinikin biri ne a sama. Hoton da ake sawa na kamfani ne, ba na tayar da za a aiko maka ba, don haka ba ya nuna shekararta. Shekarar tana jikin tayar: nemi inda aka rubuta DOT, bi layin zuwa ƙarshe, za ka ga lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. 3523 na nufin sati na 35 na shekarar 2023. A gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, idan ba ka gani ba ka juya tayar. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga lokacin da aka ƙera ta. Michelin a nata ɓangaren cewa take a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta kai 5, kada kuma ta wuce 10 ko da zanenta na nan. Amma a kan hanyar Kaduna da jami'in FRSC za ka haɗu, ba da Michelin ba. Tayar da ta yi shekara biyu a sito, rabin wa'adinta ya tafi tun ba ta taka kwalta ba, kuma sau da yawa wannan shi ne sirrin arahar da ake gani.

Farashin da ke kan allon ma ba shi ne na ƙarshe ba. Ɗora kuɗin wayabil daga Legas, da kuɗin ɗauko ta daga tasha, da na mai ɗaurawa, da sabon bawul, da balansin. Idan ka tara, ratar da ke tsakaninta da ta shago takan tsuke, wani lokaci ta ɓace. Idan kuma aka aiko maka 205/55 a maimakon 205/60, kuɗin mayarwa yawanci a wuyanka yake, kuma tayar da ta riga ta hau wili da wuya a karɓe ta. A bambance kuma tsakanin shafin da ke karɓar kuɗi da kansa yana da ƙa'idar mayar da kaya, irin Jumia da Konga, da shafin talla irin Jiji ko Facebook, inda aikin shafin haɗa ka da mai kaya ne kawai, sauran tsakaninku. Wanda ya zama dole ya saya ta wannan hanya, ya sa a ɗauko masa bidiyon kowace taya ana nuna lambar shekararta, a rubuta lambobin a rasit, kuma kada ya tura duka kuɗi ga mutumin da ba shi da shagon da wani naka zai iya zuwa ya gani.

Shagunan cikin gari, na Sabon Gari da Tudun Wada da bakin manyan tituna, babbar fa'idarsu ita ce hannunka zai taɓa kaya. Amma taɓawar ba ta da amfani ga wanda bai san abin da yake nema ba, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya ɓata lokaci. Ce a kwance ledar da aka naɗe tayar da ita, komai ƙorafin mai shago. Tsayar da ita a ƙasa ka kalle ta ta gaba: bakunanta biyu su kasance a buɗe daidai, ba ɗaya ya lotsa ciki ba. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya uku ko huɗu a cikin ɗaya don kwantena ta ci da yawa, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kamawa. Wayar da ke bakin taya idan ta lanƙwashe wajen cusawa da zarowa ba ta komawa daidai. Irin wannan ce za ka ga tana sace iska ba ƙusa ba huji, ko ta ƙi zama a balansin, ko ta fitar da ƙulu a gefe. Zura hannu ciki ka shafa zagaye, kada ka ji ninki ko faci. Tayar da aka jingine a bakin shago rana na dukanta wata da watanni, ko aka ajiye kusa da janareta da jarkokin mai, robarta takan bushe. Danna gefenta da babban yatsa, idan ƙananan tsaga suka buɗe, bar ta. Lambar shekara kuma a cikin robar ake buga ta tun daga kamfani. Idan wurin ya yi kamar an kankare ko an liƙa wani abu, an taɓa.

Ita kuwa 'yar Beljiyam, wato tayar da aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje, wadda ta fi kowace cika shagunan bakin titi, doka ta hana shigo da ita ƙasar nan, amma ga ta nan tuli. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan aljihu ya tilasta, aƙalla a guji mai hoton tsauni da ƙanƙara a gefe, domin ta lokacin sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, zafin Maris da Afrilu a hanyar Funtuwa cinye ta yake yi. A duba ɗan tudun da ke cikin ramin zane: idan zanen ya zo daidai da shi, saura milimita 1.6, ta gama aiki. A kuma lura da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi aka shafe da baƙin fenti, zanenta ba ya tafiya a miƙe, wani wurin har waya na leƙowa.

Siton dila ya fi dacewa da mai sayen huɗu zuwa sama, ko mai motocin haya da yawa. Kayansa na juyawa da sauri, don haka an fi samun ta shekarar da ake ciki, kuma za ka iya zaɓar huɗu masu lamba kusa da juna. Sai dai manyan dilolin sun fi yawa a Kano da Kaduna, dole ka lissafa man zuwa da dawowa, kuma yawancinsu ba sa ɗaurawa. Don taya ɗaya ko biyu, wahalar ba ta biya. Tambayi dila tun kafin ka biya: idan ta kumbura ba tare da faɗawa rami ba, kwana nawa yake karɓa? Abin da ya faɗa ya rubuta a rasit, don garantin baki ba ya wuce ƙofar sito.

A ganinmu, ga mai Corolla ko Golf ko Camry ko 406, wanda girman tayarsa ke ko'ina, ya duba farashi a waya, ya saya a shagon Zariya da ya daɗe a wurinsa, inda zai iya komawa gobe da tayar a but. Intanet a bar ta ga girman da babu a gari.

Ko ina aka sayo ta, wurin ɗaurawa ake kashe sabuwar taya da yawa. Mai facin da ke aiki da ƙarfe da guduma yana iya tsinka bakin tubles, gara wurin da ke da injin ɗaurawa. A canza bawul tare da tayar, tsohon ya sha rana daidai da wadda aka cire. Idan akwai kibiya a gefe, ta fuskanci inda taya ke juyawa in mota na tafiya gaba. Idan biyu kawai ka saya, kamfanonin taya na ba da shawarar a sa su a baya, domin bayan mota idan ya zame a kwalta mai ruwa sitiyari ba ya ceto. A yi balansin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa da ka kama 80 zuwa 100. Idan tsohuwar ta cinye ta gefe ɗaya, a yi alayimen a ranar, don sabuwar ma haka za ta cinye.

Sai iska. Lambar 44 ko 51 da ke gefen taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba. Ma'aunin motarka yana kan takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35. Gejin masu faci da yawa ya gaji, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa, don haka ka sayi naka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta ɗau zafi. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 zuwa 100 da ɗaurawa, a sake bin notocin wili da sifana, ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa.