Kulob ɗin da aka sayar fam ɗaya

Assalamu alaikum jama'ar gida, musamman 'yan majalisarmu ta bakin gidan kallo. Na san tunda kuka ji ina Manchester labarin Old Trafford da Etihad, filayen Manchester United da Manchester City, kuke jira. Ku yi haƙuri, wani ɗan fili zan kai ku yau, don abin da ya kai ni can ya daɗe yana cin raina.

A siton da nake aikin dare akwai wani dattijo Bature mai tuƙa motar ɗaga kaya. Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Kullum kansa da wata tsohuwar hular sanyi mai fari da shuɗi. Wani dare a watan Disamba na 2024, muna hutun shan shayi wajen ƙarfe biyu, na tambaye shi ta wane kulob ce. Ya ce Bury. Na ce a wane rukuni suke? Ya ce na tara. Sai na fashe da dariya, na ce, "Haba Baba, ku nemo wani Balarabe mai arzikin mai ya saye ku mana, kamar yadda aka yi wa City da Newcastle."

Maganar da muke yi kullum a majalisa ce, ban ɗauke ta bakin komai ba. Dattijon nan ya ajiye kofinsa, ya dube ni, ya ce, "An taɓa sayenmu, yaro. Fam ɗaya." Ya tashi ya koma kan motarsa. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe tsohon miki na fama. Washegari na same shi na ba shi haƙuri. Bai ja maganar ba, ya ce in shirya ranar Asabar.

Bury ƙaramin gari ne a arewacin Manchester, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa na cikin gari, kuma a cikin jirgin ya ba ni labarin. An kafa kulob ɗin a 1885, tun daga ranar a fili ɗaya suke wasa, Gigg Lane. Sun ci kofin FA sau biyu, a 1900 da 1903, na biyun ma ci shida da nema suka yi wa Derby County. Sai aka samu mai kulob da ya riƙa kashe abin da babu shi, ya jinginar da filin ya ci bashi mai mugun kuɗin ruwa. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, a Disamban 2018 ya sayar wa wani ɗan kasuwa, Steve Dale, a kan fam ɗaya, kuɗin da ko kofin shayi ba zai saya maka a nan ba. Ba wanda ya tambayi magoya baya. 'Yan wasa suka yi watanni ba albashi, duk da haka suka daure suka haura da kulob ɗin rukuni na uku. Ko wasa ɗaya ba su buga a can ba. Ranar 27 ga Agusta 2019 hukumar gasar ta kore su, bayan shekara 125 suna ciki. Shi kansa Steve Dale ya taɓa faɗa a rediyo cewa a da bai ma san akwai kulob mai suna Bury ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. A ranar da wa'adi zai cika, mutanen gari suka fito da tsintsiya da bokiti suna wanke kujerun filin, don suna sa ran za a buga wasa ranar Asabar. Baba yana cikinsu. Ya ce ya goge layin kujerun da mahaifinsa yake zaunar da shi yana yaro, ya koma gida, da daddare aka sanar an kore su. Da ya zo nan sai ya juya yana kallon taga, ni ma ban ce komai ba har muka sauka.

Shekara huɗu ba Bury a Gigg Lane. Magoya baya suka haɗa kuɗi, gwamnati ta ƙara musu fam miliyan ɗaya daga asusun taimaka wa al'umma su mallaki kadarorin unguwarsu, suka sayi filin a 2022. A 2023 suka dawo, daga can ƙasa. Yanzu ƙungiyar magoya baya ce ke da rinjaye, kowane mamba ƙuri'a ɗaya, mai tuƙa motar ɗaga kaya da likita duk ɗaya.

Ba zan ɓoye muku ba, kallon ƙwallo a nan akwai wahala. Sanyin ranar ya shiga ƙasusuwana, safa biyu na sa amma yatsun ƙafata suka mutu. Bayan raga ɗaya maƙabarta ce, da sunanta ma ake kiran wannan ɓangaren. Abincin da garin ya yi suna a kai wani abu ne da ake yi da jinin alade, warin giya kuwa ko'ina. Na tuna tsire da gurasa da rake a filin Kano Pillars da ke Ƙofar Mata, da kiɗa, da ihun "Sai Masu Gida!" har idona ya kawo ruwa. Ƙarfe uku ake take wasa, a Disamba kuwa kafin huɗu rana ta faɗi, ana hutun rabin lokaci magariba na kawo kai. Na tambayi wani mai rigar tsaro inda zan ɗan raɓa in yi salla. Ya kai ni wani lungu mai tsabta, ya tsaya daga nesa har na idar. Da muka yi hira sai na ji ba biyansa ake ba, aikin sa kai yake, kamar mai sayar da tikitin da ta karɓe mu a ƙofa. Kuma kowa ya biya. Ban ga mai haura katanga ba, ban ji mai cewa ka san ko ni wane ne ba.

Kada ku ce ina kushe masu zuba jari gaba ɗaya. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga nan akwai Wrexham, a yankin Wales. 'Yan fim biyu daga Arewacin Amurka, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, suka karɓe ta a Fabrairun 2021 suka zuba fam miliyan biyu, ta haura rukuni sau uku a jere, 2023, 2024, 2025. Wannan kun sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kafin zuwansu magoya baya ne ke riƙe da kulob ɗin tun 2011, shekarar da suka tara sama da fam dubu 100 a rana ɗaya don kada a hana su gasa. Sai da baƙin nan suka yi musu bayani, aka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 98 cikin ɗari suka yarda, sannan aka miƙa. Wigan kuwa, maƙwabtan Bury, da suka ci kofin FA a 2013, 'yan makonni bayan sababbin masu ita daga Hong Kong sun karɓa a 2020 ta durƙushe, aka zabge mata maki 12, ta faɗi. Kuɗin baƙo ne duka. Amma a wuri ɗaya masu gida sun san wa suka buɗe wa ƙofa, a ɗayan farkawa kawai suka yi suka gan shi a tsakar gida.

Ko inda abin ya yi kyau, aljihun talaka yana ji a jikinsa. Na taɓa raka wani abokin aiki wani kulob da baƙi suka saya. Ba a karɓar tsabar kuɗi, tikiti sai ta waya, sai ka yi rajista ka ba da adireshi, shafin ya ƙi buɗewa muna tsaye cikin yayyafi har aka take wasa. Riga ta haura fam 50, kowace shekara a canza ta, ga tallan caca ɓaro-ɓaro a ƙirji. Wuraren da tsofaffin magoya baya suka saba zama an kewaye da gilashi don masu cin abinci da cokali mai yatsu. Irin koke-koken nan da abin da ya sami Bury ne suka sa a Yulin 2025 aka yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta, da za ta binciki mai son sayen kulob da inda ya samo kuɗinsa, ta kuma hana a sayar da fili ko a canza tambari da launin riga yadda aka ga dama.

Ana tsakar wasa Baba ya tambaye ni, "Naku kulob ɗin na waye?" Na ce na gwamnatin jiha. Ya ce, "To in gwamna ya sauka fa?" Na ce sai sabo ya naɗa nasa mutanen. Ya kaɗa kai kawai.

Tambayar nan ta bi ni har gida. Kulob ɗinmu Pillars ta ci gasar Najeriya sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, tana cika fili fiye da yadda yawancin ƙananan kulob na nan za su yi mafarki, amma wane ne cikinmu yake da ƙuri'a ɗaya a cikinta? Haka Katsina United, haka Wikki, haka El-Kanemi. Raccah Rovers da ta ci gasa a 1978 yanzu sai a bakin dattawa. Mun shekara nawa muna musun ranar da Ɗangote zai sayi Arsenal, muna ɓatawa da juna a kan Chelsea da Barcelona, mu biya kuɗin gidan kallo ba gardama, amma a ƙofar filinmu sai neman wanda zai shigar da mu kyauta. In an ci mu a gida mu huce a kan alƙalin wasa, a ci tarar kulob, a kai wasanninmu wani gari. Wane mai hankali ne zai zuba kuɗinsa a haka? Ga Kunle Soname, tun 2015 ya sayi rinjayen Feirense ta Portugal, Remo Stars ɗinsa kuma ta ɗauki gasar Najeriya a 2025. Ga Shola Akinlade da ya sayi kashi 55 na Aarhus Fremad a Denmark. Ranar da irinsu suka waiwayo kulob ɗinmu, da gwamna kaɗai za a yi ciniki, mu sai dai mu ji a rediyo, kamar yadda Baba ya ji.

A Afrilun 2025 Bury ta ɗauki kofin rukuninta a gaban mutum sama da dubu takwas. Ina wurin, kusa da Baba, ya riƙe kafaɗata yana kuka ba ya ko ɓoyewa. Tun daga ranar yake tambayata launin rigar Pillars, na ce masa kore da ruwan ɗorawa. Don Allah duk wanda zai taho nan kusa ya taho mini da guda ɗaya, babba, mai dogon hannu in an samu, saboda a kan rigar sanyi zai ɗora ta.